Gadon Jini da Haƙƙin Zuriya

Duk mai hankalin da ya yi nazarin sha'anin gado zai gane cewa, kamar yadda dukiya take sauka daga magabata zuwa magada bisa ƙa'ida, haka ƙwayoyin halitta suke sauka, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, bisa mizanin da Allah Madaukakin Sarki ya tsara. A shekarar 1908 masana biyu, Hardy na Ingila da Weinberg na Jamus, suka bayyana cewa rabon kowace irin ƙwaya a cikin babbar al'umma yana tabbata yadda yake daga tsara zuwa tsara, matuƙar babu sababin da ya karkata shi.

A ƙasarmu sababin shi ne zazzaɓin cizon sauro, domin wanda ya gaji ƙwayar sikila guda, wato mai AS, yana samun kariya daga tsananinsa, shi ya sa ƙwayar ta yawaita har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yake ɗauke da ita, alhali yana cikin ƙoshin lafiya.

Amma idan masu AS biyu suka yi aure, a kowane ciki akwai rubu'in yiwuwar a haifi mai SS, yaron da zai kwana yana kukan ciwon ƙashi, uwarsa tana gasa masa gaɓoɓi da ruwan ɗumi. Saboda haka wajibi ne waliyyai su nemi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, limamai kuma su tambayi takardarsa, domin kiyaye zuriya yana cikin manyan manufofin Shari'a.