Daga Zangon Wagadugu: Shin Garinmu Ba Shi da Abin Gani Ne?

 

Zancen wannan mako tambayar autata ce ta jawo shi. Ɗan wana yana karatu a Dablin, babban birnin ƙasar Ailan. Kwanan baya ya turo hotuna a WhatsApp ɗin dangi. Ga shi a kan wata tsohuwar gadar ƙarfe ta masu ƙafa a bisa kogin Liffey, wadda aka gina a 1816, ake kiranta da sunan rabin kwabo, wato abin da iyayenmu na Najeriya ke ce wa ɗari, don shi ne kuɗin da ake biya a haye ta a da. Ga shi a ƙofar jami'ar Trinity da aka kafa tun 1592. Ga shi kuma zaune a gidan abinci da soyayyen kifi da dankalin Turawa, ya rubuta a ƙasa cewa ya zaɓi kifi ne don ya huta da tambayar wa ya yanka.

Yarinya ta gama kallo, ta ɗago kai ta ce: "Baba, Yaya ko shekara bai yi a can ba ya san garin. Mu Wagadugu ba ta da abin gani ne?"

Wallahi sai na rasa amsa. A nan aka haife ta. Ni kuma na haura shekara ashirin a garin nan, amma in ka ce in lissafa maka abin da na sani, ba zai wuce kasuwar Rood Woko, da ta Sankariyare, da tasha, da masallaci, da gidajen biki da na gaisuwar mutuwa ba. Kuma ba ni kaɗai ba ne. Tambayi kowane ɗan kasuwa a cikinmu. Ya san Lome, amma Asigame ya sani da bakin tashar jirgin ruwa. Ya je sau talatin bai taɓa tsoma ƙafa a teku ba. Ya san Dantokpa a Kwatano, ya san Kejetiya a Kumasi, ya san Kantin Kwari a Kano. Muna cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma mu tafiyarmu daga buhu zuwa buhu ce.

Sai na ce da uwargida mu fitar da yaran nan. Ta ce: "Alhaji, fita ina? Muna da baƙi ne?" Na ce mu ne baƙin.

Juma'a da sassafe, bayan asuba, muka tari koren taksi zuwa fadar Moro Naba, sarkin Mosawa. Duk Juma'a da safe ana yin wata al'ada a filin fadar, kuma ba a biyan ko dala. Hakimai kan zo su zauna bisa ga muƙami. Sarki ya fito cikin jajayen kaya, alamar yaƙi, ga dokinsa an ɗaura masa sirdi. Manyan fada su matso su roƙe shi kada ya tafi. Ya koma ciki, ya sake fitowa cikin farare, alamar ya haƙura. A harba bindiga, taro ya watse. Ba ya daɗewa, kuma ba a yarda a ɗauki hoto ba, don haka ku mai da wayoyi aljihu. Wata ruwaya da ake bayarwa ita ce wani sarki na da ya yi niyyar bin kayan sarautar da aka gudu da su zuwa Yatenga da yaƙi, fadawansa suka tausa shi. Sarki mai ci yanzu, Naba Baongo na biyu, yana kan gadon tun 1982.

Babban ɗana, wanda ba a gama gaya masa magana bai tashi ba, ya ce: "Baba, ashe sarki ma ana hana shi, ya hanu?" Na ce to ka gani da idonka. Wa'azin da na shekara ina yi masa bai shiga ba, minti kaɗan a tsaye a filin fada ya shigar da shi. Gani ya kori ji.

A hanyar dawowa uwargida ta ce wa direba ya bi ta wajen titin Kwame Nkrumah. Ni ban gane nufinta ba sai da muka iso. Nan ne Zangweten take, tsohuwar unguwar Hausawa ta tsakiyar gari, inda fatake da malamai suka zauna tun kaka da kakanni. A 2003 aka tashe ta tare da maƙwabtan unguwanni saboda shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka mai da mutane wajen Ouaga 2000 da Niyoko. Shekarar ce kuma gobara ta cinye Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. Waɗanda suka ga wannan shekara ba sa son tuna ta.

Ta sa aka tsaya. Ta nuna wani wuri, bene a gefe guda, fili a ɗaya gefen, ta ce wa yara: "A nan aka yanke mini cibi. Can makarantar allonmu take. Can kuma wata tsohuwa ke soya mana ƙosai." Yara suka yi tsit. Ba su taɓa sanin uwarsu tana da unguwar da aka shafe ba. Ni da nake mijinta, na sha bin titin nan a kan babur da kaya a baya, ban taɓa tsayawa na tambaye ta ba. Wannan tsayawa ta minti biyar ita ta biya duk kuɗin fitar.

Ran Lahadi da la'asar muka shiga Bangr-Weoogo, kurmin da ke cikin gari kusa da madatsun ruwa. Ma'anar sunan da Mosanci dajin ilimi. Akwai inuwa, akwai hanyoyin ƙafa, akwai ɗan gidan dabbobi, akwai kadoji a ruwa, don haka a riƙe hannun ƙanana. Daga nan muka wuce cin abinci, kuma a nan ne nake son mu yi magana a fili, don abin da ke hana yawancinmu fita da iyali ke nan.

Na farko, maganar halal. Wagadugu gari ne na Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, kowa da abincinsa. Wuraren da ake kira maki yawanci da giya ake zama. In ka ga an rubuta porc au four, naman alade ne gasasshe, ka wuce. Dolo kuma burkutu ce. Amma gidajen abincin da ba a sayar da giya suna nan birjik, masu gasa nama da yawa ma 'yan uwanmu ne. Tambaya ba kunya ba ce: wa ya yanka? Wukar nan da tukunyar nan na me da me ne? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

Na biyu, tsoro. Ba mu manta da harin 15 ga Janairun 2016 a Cappuccino da otal ɗin Splendid ba, haka na gidan abincin Aziz Istanbul ran 13 ga Agustan 2017, duka a titin Kwame Nkrumah. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Hankali ya wajaba: a fita da wuri, a dawo da wuri, in za a bar gari a tambayi halin hanya a ranar, a tafi da takardun shaida. Amma kullum muna ratsa iyakoki saboda riba. Bai dace a ce sai ranar farin cikin iyali tsoro zai tashi ba.

Na uku, kuɗi. Ni jika 15 na ware wa fitar gaba ɗaya, kuma kafin mu zauna sai da na tambayi farashin kowane abu, kamar yadda nake yi a kasuwa. Muka ci gasasshiyar kazar ƙauye, wadda 'yan gari ke kira kazar keke, da dafa-dukarsu mai mai. Na sa aka kawo wa yara babenda su ɗanɗana, wato faten ganye da tsaki da gyaɗa, da zom-kom, ruwan garin gero da tsamiya da citta wanda Mosawa ke tarbar baƙo da shi. Auta ta kurɓa ta ce ai ƙanen kunun zaƙi ne. Benga kuwa, da suka ga shinkafa da wake ce, suka ce wannan a gida ma muna da ita.

Uwargida ta raɗa mini: "Alhaji, wannan fa cefanen kwana huɗu ne." Na ce: "Hajiya, ci abinki." Da muka gama, sai na ga ta miƙe tana tattara kwanuka tana ɗora su bisa juna. Yarinyar da ke hidima ta ce: "Mama, bar shi, aikina ne." Yara suka bushe da dariya. Ni ban yi ba. Lissafi nake yi: tun da aka kawo ta gidana, in ban da biki da jego da rashin lafiya, yau ce rana ta farko da ta ci abincin da ba ita ta tsaya a kansa ba.

Washegari a rumfa wani maƙwabcina ya ce: "Alhaji, an ce ka zama Nasara, har da yawon buɗe ido." Na ce masa kuɗin da na kashe bai kai abin da muke zubawa a anko guda ba. Safiyar Juma'ar da ban buɗe rumfa da wuri ba, ciniki ya jira ni. Yaro kuwa ba ya jira. In ba ka nuna masa garin da aka haife shi ba, zai tashi yana ganin duk wani abin kirki yana can ƙetaren teku, kuma mun san inda wannan tunani ke kai samarinmu: hamadar Agadas da ruwan Libiya.

Saura da yawa ba mu je ba. Akwai kadojin Bazule, kimanin kilomita 30 yamma da gari. Akwai sassaƙaƙƙun duwatsun Lawongo wajen Ziniyare, da aka fara tun 1989. Akwai wurin tunawa da Thomas Sankara, inda aka kashe shi ran 15 ga Oktoban 1987. Akwai ƙauyen masu sana'ar hannu, inda ɗan kasuwa ma zai ƙaru da ganin dukawa da masaƙa. Auta ta rubuta su a takarda ta manna a bango, duk wanda muka je za ta soke shi.

Hotunanmu kuma ta tura wa Yayanta a Dablin. Ya amso cewa in ya dawo hutu, ita ce za ta zagaya da shi.

Kai da ke Abijan, ko Akara, ko Libirbil, ko Jidda: a garin da kake nema, ina ka taɓa kai iyalinka? Zaɓi rana guda cikin watan nan. Ba sai da kuɗi mai yawa ba, ko gyaɗa da ruwan sanyi kuka riƙe ya isa.

Allah ya sa albarka a nema, ya tsare hanya. Sai mako mai zuwa in muna da rai.