Daga Kan Tabarma: Jika Goma Ta Haihu, Wa Zai Raɗa Wa Jaririn Suna?

 

Yau jikar nan guda za mu taɓa, wadda ake ɗora wa jika 10 idan mace ta ci bashin akwati. Babu ƙungiyar da ba ta taɓa ɓata yamma guda a kanta ba. Tsarin da muke bi, na Mata Masu Dubara, CARE ce ta fara shi a jihar Maraɗi a 1991, kuma har yau ginshiƙinsa bai sake ba: zubi kowane mako, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, maɓallan a hannun mata uku, bashi na wata guda da ɗan ƙari a kai, sannan a fasa a raba idan lokaci ya cika. Zubi dai ba mai ƙorafi a kansa. Ƙarin ne ya ƙi zama da suna guda. Wasu goro suke ce masa, wasu tukuici, wasu ladan akwati. Wadda ba ta ƙaunarsa kuwa ba ta kewaye-kewaye, kuɗin ruwa take cewa, ta kuma ɗaga murya yadda ta bayan zana za ta ji.

Hausar ma ba ta taimake mu ba. Riba ta ciniki da riba ta haram rubutunsu ɗaya, sai dai a ja murya a wannan, a gajarta a waccan. Shi ya sa idan Malama ta ce, "Wannan fa riba ce," sai Hajiya mai turaren wuta ta ɗaga hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, ai ita muka fito nema!" A kwashe da dariya, Malama ma ta dara, amma ba ta janye ba.

Kusan kowace tabarma tana da Malamarta da Hajiyarta. Malama ta yi Islamiyya, maganarta gajera ce: Suratul Baƙara ta raba ciniki da riba, kuma bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa tun farko ya faɗa cikin ta biyun, ko da me aka kira shi. Hajiya kuma ta shekara talatin tana juya kuɗi, tata hujjar ita ce, "Haba Malama, wa muka cuta? Kuɗinmu ne, mu muka zuba, mu muka ranta, mu muka ƙara, mu za mu raba. Hannun dama ne ya ba na hagu." Da yawanmu a nan muke gyaɗa kai, don maganar tana da daɗin ji.

To amma mu ɗauki kaye da biro. A ce mu 25 ne, zubinmu daidai wa daida. Wata a cikinmu mai tuyar ƙosai ta ci bashin jika 20 sau uku a shekara, kowane karo ta ɗora jika 2. Ta sa wa akwati jika 6 ke nan. Ranar rabo, daga cikin jika 6 ɗin nan abin da zai komo hannunta dala 48 ne, sauran ya watsu cikin mata 24. Gaskiya ne ita ma tana samun rabonta daga ƙarin da wasu suka biya. Idan kowa ya ranta daidai da kowa, lissafin yana komawa inda ya fito, Hajiya ta yi gaskiya. Amma mu faɗa wa juna tsakani da Allah, a wace ƙungiya ake ranta daidai? Akwai wadda ba ta taɓa miƙa hannu ba tun da aka kafa asusun, don ɗanta yana aiko mata, ko mijinta yana ɗaukar albashi. Ita ranar rabo sai dai ta buɗe bakin zane. Akwai kuma wadda ba ta rufe wannan bashi sai da niyyar buɗe wani. A ƙungiyoyin da ake barin mace ta zuba hannu biyu ko uku, tazarar ta fi haka faɗi, domin mai hannu uku rabo uku take kwasa. Hannun dama ya ba na hagu, e, sai dai sau da yawa hannayen ba na mace guda ba ne.

Mu a nan Diffa akwai abin da ya ƙara wa maganar nauyi, wato tattasai. Kashi 10 cikin 100 a wata an auna shi ne da sana'ar da kuɗi ke shiga kullum, irin su ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli. Gonar tattasai ba ta san kullum ba. Daga dashe zuwa tsinkar fari, a shanya, ya bushe, a ɗura a buhu, watanni ne, kuma duk tsawonsu injin ban-ruwa yana shan mai, gona tana neman taki. Wadda ta ɗauki jika 50 don gona ta riƙe wata huɗu, jika 5 kowane wata, ta biya jika 20 a kai kafin buhu guda ya ga kasuwa. Wannan idan shekara ta yi kyau ke nan. Mun ga 2015, lokacin da aka hana cinikin tattasai da na kifi bayan hare-haren watan Fabrairu, ba a saki na tattasai ba sai a 2017. Mun ga yadda Komadugu ya cika ya haura gonaki a 2019, ya sake a 2022. Ruwa ya ci gona, amma bashin yana nan cikin kaye bai jiƙe ba.

A daidai nan ne Goggo mai nono kan sa baki, kuma kun san tsakanin Fulani da Barebari ba a gaisawa sai da tsokana. "Ke baiwata," in ji ta ga Hajiya, "ku Barebari ba ku iya aro ba. Mu a wurinmu habbanaye ake yi. Ka ba ɗan uwanka saniya, ta haihu a garkensa, ya riƙe ƴan maruƙan ya maido maka uwar. Mai aro ke cin ɗa. Ku kuwa kun ba da jika, kun karɓe uwa kun karɓe ɗa." Hajiya ta ce, "Ji wadda ke zuba wa nono ruwan kogi tana mana wa'azin kuɗin ruwa!" Wannan wasa namu na taubasantaka har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014 da sunan Nijar, kuma amfaninsa a kan tabarma a bayyane yake: abin da Goggo ta faɗa, da Malama ce ta faɗe shi da wannan lafazi, da taro ya watse da fushi.

Kada a ce mun tsaya bayan Malama mun bar Hajiya ita kaɗai a rana. Tana da tambayar da ba a amsa ta da aya kawai. Ta ce idan aka cire ƙarin, me zai sa mai hali ta ci gaba da zuba kuɗinta shekara guda, ta karɓe shi yadda ta ba da, alhali tiyar hatsi ba ta tsaya inda aka bar ta ba? Idan masu hali suka janye, akwati ya rame, ina mai ƙosai za ta nufa? Wurin ɗan kasuwar da zai ba ta kuɗi da damina ya kwashe buhunanta da kaka a farashin da ya ga dama, wanda cizonsa ya fi na akwati zafi nesa ba kusa ba. Wannan ma gaskiya ce. Kuma a ɗaya gefen mun san matan da suka fita daga asusu shiru, ba faɗa ba cacar baki, don zuciyarsu ba ta kwanta ba, ko don maigida ya ji wa'azi a masallaci ya ce ba da matarsa ba. Sun rasa wurin ajiya, sun rasa wurin rance, mu kuma mun rasa su. Abin da ke cikin gardamar ke nan, ba dariya kawai ba.

Ga kuma ƙanwar wannan magana, naira da sefa. Wanda bai zauna Diffa ba ba zai gane yadda mace ke sayar da kaya da naira ta zo zubi da sefa ba. Shekaru muna haka, don kasuwarmu ta fi kallon Damasak da Maiduguri fiye da Yamai. Sai 2023 ta zo. Da farkonta aka sauya takardun naira, mata suka riƙa yawo da tsofaffin takardu ba mai karɓa. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, daga wajen 460 a dalar Amurka guda ta wuce 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa tana ɗaure da yuro, kusan 656 a yuro guda, ba ta motsa ba. Sai ga mai bashi ta zo da naira a ƙulle a bakin gyale tana cewa, "Abin da na samu ke nan, a karɓa a canjin da." Ma'ajiya ta ce, "Yaya, akwatin nan ba ya jin canjin da." Masu son sefa suka samu bakin magana, har wata tsohuwa ta tuna musu Janairun 1994, lokacin da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta. "Kowace takarda tana da ranar kukanta," in ji ta. Abin mamaki, a wannan gaɓar Malama da ma'ajiya bakinsu ɗaya. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa bashi da irin kuɗin da aka karɓa ake biyansa, adadi da adadi. Wadda ta ɗauki sefa ta maido sefa. Idan naira ce a hannunta, kuma ƙungiya ta yarda, a canza a farashin ranar biya. Magana ta ƙare, sai ƙorafin wadda ya faɗa wa.

Mu dai namu ra'ayin, sauya wa ƙarin suna bai raba gardama ba. Goro abu ne da mutum ke bayarwa don ransa ya so, wanda aka rubuta a kaye aka ce dole kuwa ya tashi daga goro. Amma fiƙihun da malamanmu ke karantarwa bai bar mai neman riba ta halal hannu rabbana ba. Ƙungiya tana iya sayen kayan da kanta, buhun wake ko jarkar mai ko taki, su shiga hannunta tukuna, sannan ta sayar wa ƴar ƙungiya bashi a farashin da aka yanke sau guda, wanda ba ya ƙaruwa ko an yi jinkiri. Nan ciniki ne, akwati ya samu ribarsa, ta jan murya. Ga gona kuma akwai salam, a biya kuɗi yau a kan tattasai mai sanannen awo da sanannen kyau da ranar kawowa, ƙungiya ta adana ta sayar idan kasuwa ta tashi. Akwai ƙiradi, akwati ya sa jari, mace ta sa ƙarfinta, a raba riba yadda aka shirya, idan kuma asara ta zo ba da sakacinta ba, jarin ne ke ɗauka. Hajiya ba ta son jin wannan ƙarshen, ta ce to wa zai tsaya bakin gona ya shaida ruwa ne ya ci ko ita ce ta ci? Tambayar tana kan hanya. Duk hanyoyin nan aiki ne. Sai an samu mata biyu masu zuwa kasuwa da amana, da ɗakin ajiya da ƙwaro ba ya shiga, da mai rubutu da ba ta gajiya. Karɓar jika a ɗora jika ya fi su sauƙi, shi ya sa ya daɗe.

Abu guda da muke ganin bai kamata a ja shi ba shi ne bashin ciwo da na haihuwa da na rasuwa. Wadda ta zo da yaro a goye jikinsa zafi tana neman kuɗin likita, a ba ta daga kuɗin taimako, ta maido abin da ta ɗauka ba ƙari. A kan wannan ba mu taɓa jin Hajiya ta yi musu ba, ita ce ma kan fara cewa a buɗe kwaɗo.

Tunda mun shiga fagen Malama, bari mu ɗan ja mata zane ita ma. Tsoron Allah ba a kan jikar ƙari kawai ya tsaya ba. Akwai wadda ke gaba-gaba wajen cewa ƙari haram ne, amma idan ranar biyanta ta zo sai ta ce, "In Allah ya yarda." Ma'ajiya ta ce, "Amin, Inna. Wane mako ne za mu rubuta?" Ta ce, "Allah dai ya hore." Alhali an gan ta ranar suna da sabon leshi. Jan bashi ga mai halin biya malamai zalunci suke kiransa, kuma wadda ake zalunta tana zaune a kan tabarma ɗaya da ita, tana jiran kuɗin su dawo ta samu nata rancen.

Ga ƙungiyoyin da ranar fasa asusunsu ta matso, roƙonmu kada a sauya doka a tsakiyar tafiya. Abin da aka yi alkawari a kansa a bana a kammala shi, a raba, sannan kafin zubin farko na sabon zagaye a zauna a yanke. Idan za a kai wa malami tambaya, kada a aiki Malama ita kaɗai, kada kuma a aiki Hajiya ita kaɗai, don kowacce za ta tambaya ne yadda amsar za ta fito mata. Su tafi tare da ma'ajiya, da kayen a hannu, a nuna masa wa ya ranta, nawa, wata nawa, wa ya kwashi me ranar rabo. Ƙungiyar da ta riga ta gwada sayen kaya ta sayar wa ƴaƴanta kuma ta aiko mana da lissafinta, riba da asara duka, za mu buga shi a wannan fili a fitowa ta gaba.