Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Rano Kan Masu Hallaka Kansu

Allah ya ja zamanin Autan Bawo, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara.

Bayan gaisuwa da ban girma, na ɗauki alƙalami ne kan maganar da ba a son furtawa ko a zaure, balle a fada, wato maganar mutanen da ke hallaka kansu. A Rano da Kibiya, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, idan irin haka ta faru sai dangi su rufa asiri, a ce kwana ne ya ƙare, a gaggauta jana'iza, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Ban ga laifinsu ba, domin kunya da raɗaɗi ne suka haɗu suka yi musu yawa. Abin da nake son gabatarwa gaban Sarki shi ne, wannan musiba tana da mutanen da ta fi kusanta. Ana iya gane su ta shekarunsu da jinsinsu da halin da suke ciki, kuma babu wanda ya kai masu unguwanni da dagatai da limaman masarautar nan damar gane su tun da sauran lokaci.

Ranka ya daɗe, akwai masu cewa wannan cutar Turawa ce, ba ta shafi Musulmi ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙaryata su. Fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma a ƙididdigar 2019 yankin Afirka ne ke kan gaba: kimanin mutum 11 cikin kowane 100,000, a tsakanin maza kuwa 18. A nan gida, binciken da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya gano cewa kimanin mutum 3 cikin 100 na manyan da aka tambaya sun taɓa yin tunanin abin, kuma haɗarin aikatawa ya fi tsanani a shekarar farko da tunanin ya shigi mutum. Ke nan akwai tazara tsakanin tunani da aiki, kuma a cikin tazarar nan ake ceton rai.

Maza sun fi mutuwa, sun ninka mata fiye da sau biyu a duniya, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san yadda muke tarbiyyar namiji. Magidanci ya ci bashin taki da iri, ya yi noman rani da ruwan Tiga ko ya dogara da damina, kaya ya zo farashi ya karye, mai bashi yana sallama a ƙofar gida, iyali na jiran cefane. An koya masa tun yana yaro cewa namiji ba ya kuka, don haka ba zai faɗa wa kowa ba. Sai dai a ga ya daina zuwa majalisa, barci ya ƙaurace masa, ya fara raba kayansa da neman gafarar mutane ba gaira ba dalili. Saurayi kuma nasa haɗarin ya fi zuwa ta zaman banza da ƙwaya. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a jihar Kano suna ta'ammali da su, kuma maye yana cire birkin da ke hana mai baƙin ciki aikata abin da zuciya ta raya masa. Sai tsofaffi, waɗanda ba a cika tunawa da su ba, alhali a kusan duk duniya 'yan sama da shekara 70 ne abin ya fi yi wa ɓarna idan aka kwatanta da yawansu: ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, abokin zama ya rasu, 'ya'ya sun tafi ci-rani.

Mata kuwa sun fi yin yunƙuri, kuma a nan nake roƙon Sarki ya dubi lamarin da idon uba. Yarinyar da aka ɗaura wa aure da wanda ba ta so, ta yi yaji an mayar da ita, ta sake yi an sake mayarwa da faɗa, ta riga ta gane duk ƙofofi a rufe suke. Matar da ake duka ma haka. Mai jego da ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, ta ƙi kallon jaririnta, sau da yawa ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, wanda ake warkewa da magani da kulawa, amma mu sai mu ce iska ce ta taɓa ta, a yi ta hayaƙi har abin ya ta'azzara. Abin da ke mayar da yunƙurin mace ya zama mutuwa a ƙasar noma shi ne gubar da ke ajiye a ɗaki. A ƙauyukan Sin, cikin shekarun 1990, mata matasa sun yi ta mutuwa saboda maganin feshi yana kusa da hannu a lokacin ɓacin rai. Sri Lanka ta haramta mafi muni daga cikin magungunan nan, sai yawan masu hallaka kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 daga 1995 zuwa 2015. Manomi zai ce ba ya iya noma sai da feshi, kuma gaskiyarsa, amma amfanin gonar Sri Lanka bai ragu ba saboda wannan mataki. Ba a ce a daina feshi ba. A kulle maganin nesa da ɗakin kwana, mai shago kuma ya daina zuba shi a 'yan kwalabe yana sayar wa duk wanda ya miƙo kuɗi, abin da hukumar NAFDAC ta fara taka wa birki tun 2019.

Wani zai ce addini ya riga ya haramta, wa'azi ya wadatar. Haramcin tabbas ne, kuma imani garkuwa ce babba. Sai dai shari'ar da ta haramta ita ce ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, ita ce kuma ta wajabta ceton rai. Wanda ciwon damuwa ya danne, idan abin da ya ji daga mumbari tsoratarwa ce kaɗai, ɓoyewa zai ƙara yi. Haka masu tsoron cewa tambayar mutum za ta cusa masa tunanin: masana sun bincika, tambaya cikin tausayi ba ta haifar da shi, sauƙi ma take kawowa. Abin da ke rufe bakin mutane na gaske shi ne sashe na 231 na dokar Penal Code, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙuri ya tsira. Alhali wanda ya taɓa yunƙuri shi ne ya fi kowa shiga haɗarin maimaitawa, shi ne ya fi buƙatar likita, amma dangi na ɓoye shi don gudun 'yan sanda. Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, kuma muryar sarki tana da nauyi idan ta isa Majalisar Dokokin Kano.

Allah ya taimaki Sarki, na san za a ce wannan aikin Ma'aikatar Lafiya ne. Haka aka ɗauki shan-inna, har sai da sarakunan Arewa suka shiga da kansu a 2009, masu unguwanni suka bi gida-gida, aka kai ga tabbatar da kawar da nau'inta na asali a 2020. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, kuma mai jego a ƙauyen Kibiya ba za ta iya zaryar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta buɗe hanyar kawo wannan kulawa kusa da jama'a. Roƙona shi ne Sarki ya nemi gwamnati ta horar da ma'aikatan Babban Asibitin Rano da na ƙananan asibitocin Kibiya da Bunkure kan gane ciwon damuwa da maganinsa, ya tara hakimai da limamai da ungozomomi a koya musu alamomin da na ambata da inda za su tura mutum cikin sirri, sannan ya umarci dagatai cewa duk yarinyar da ta kawo kukan auren dole a zaunar da ita a saurare ta kafin a yi maganar mayar da ita ɗaki.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Daga ɗaya daga cikin talakawan masarautar Rano.