Ƙamshi Daban, Hali Daban

Jama'a masu karatu, zancenmu na wannan mako a kan turare ne, irin mai tsadar nan da ba a ware shi ga namiji ko mace ba.

A shekarar 2011 wani ƙaramin kamfani na birnin New York a Amurka, mai suna Le Labo, ya fito da turaren Santal 33, mai ƙamshin itacen sandal da jemammiyar fata. Masu hannu da shuni, maza da mata, suka yi masa caa, kowa yana so a ce shi ba ya bin yayi. Kafin ƙarshen 2015 har jaridar New York Times ta yi sharhi cewa duk inda ka shiga shi kake ji. Wanda ya zuba kuɗi don ya fita daban, sai ga shi cikin ayari.

Gaskiya ne ƙamshi yakan ɗan sauya gwargwadon zafin jiki da maiƙon fata. Amma fa hali ba a ɗura shi a kwalba. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ƙarar da albashinka, ka tuna marowaci ko ya yi wanka da almiski, sunansa marowaci.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.