Ƙwaron Gashin Kaza Mai Yaudarar Kifi

Mu a Ƙofar Mazugal dutsen da muka sani shi ne Dala, kuma babu kogi a kansa. Amma a wasu ƙasashe akwai ƙoramu masu sanyi ƙarara a kan duwatsu, inda wani kifi mai suna turawut yake rayuwa. Masu fatsa a can ba su dogara da tana ba, ƙwaron ƙarya suke ɗaura masa.

Ƙwaron da suka fi kwaikwayo Turawa na kiransa mefulai. Yana da fikafikai shara-shara da siraran jela biyu ko uku. Yakan yi watanni a cikin ruwa, amma da ya yi fiffike ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu, ko abinci ba ya ci. Lokacin fitowarsa kifi kan taso sama ya yi ta cafka.

Kayan aikin duk muna da su: ƙaramar ƙugiya, zare, almakashi, gashin zabo da gashin wuyan zakara. Da farko mu naɗe bayan ƙugiyar da zare. Mu ɗaura silin gashi uku a ƙarshenta su zama jela. Mu ci gaba da naɗi har jiki ya yi, siriri a baya, da ɗan kauri a gaba. Sai mu tsayar da gashin zabo biyu a matsayin fikafikai, mu kewaya gashin zakara a gindinsu. Shi ne ƙafafu, shi ke sa ƙwaron ya tsaya a saman ruwa. Mu ƙulle, shi ke nan.

Wannan ba wasan yara ba ne. An kai turawut Kenya a 1905, yau kuwa dubban 'yan ƙasar na cin abinci da ɗaura irin waɗannan ƙwari ana kai su Amurka da Turai. Hannun da ya iya ɗinkin hula ba zai gaza nan ba.

Sirrin dai lura ne. Turawut ba ya jure zafinmu, amma muna da karfasa da tarwaɗa a madatsar Tiga, muna da shinge a farkon damina. Mu kama ɗaya, mu duba girmansa da launinsa, mu kwaikwaya.

Gwaji kuwa a bokiti za mu fara, ba a kududdufi ba, domin can akwai nutsewa da tsargiya. Zuwa bakin ruwa sai da babba.

Wanda nasa ya tsaya a saman ruwa, ya rubuto mana. Sai mako mai zuwa.