A Zana Banɗaki Kafin A Zana Falo

Maudu'in wannan makon ba na alƙalami ba ne kai tsaye, amma akwai hannunmu a ciki.

Duk wanda ya leƙa sababbin gine-ginen da ke tasowa ta wajen Dutsen Abba zai ga abu guda yana maimaituwa: falo kamar filin ƙwallo, banɗaki kuwa ɗan lungun da ya rage bayan an gama yanka ɗakuna. Mai gida zai kwana uku yana jayayya da birkila a kan faɗin falon da baƙi za su zauna ranar sallah, amma wurin da iyalinsa za su shiga sau biyar ko fiye kullum sai ya ce "a saka shi nan kawai". A ganina an juya abin. Banɗaki ya kamata a fara sa wa a takarda, domin shi kaɗai ne ɗakin da gyaransa ke nufin fasa ƙasa.

Tambayar farko ita ce ruwa. Mu Zazzagawa mun san yadda famfo yake yi mana, mun san kurar 'yan garuwa. Masai na zama irin na da yana kwashe kusan lita 9 a kora ɗaya, sabon samfuri kuma lita 6. Jarka mai lita 25 ke nan kora uku ko huɗu ta ƙare. Gidan mutum takwas da ba shi da tanki a sama, wa zai riƙa sayen wannan ruwan? Ƙarshenta a daina korawa, wari ya bi ɗaki. Masai na tsuguno ya fi dacewa da buta da bokiti, sai dai in akwai tsoho ko mai ciwon gwiwa, to a ware masa na zama guda ɗaya.

Ɗaki mai ƙafa 4 da ƙafa 7 ya isa in an tsara shi. Masai kusa da ƙofa, wurin wanka can ƙurya, magudana a ƙuryar, daɓen kuma ya gangara zuwa gare ta. A sauke ƙasan banɗakin ƙasa da na ɗaki da inci ɗaya ko biyu. A sa famfo gajere daidai gwiwa saboda cika buta da wanke ƙafa. Tayil mai santsi na bango ne. A ƙasa a sa mai kaushi. Ƙofa kuma ta buɗe waje, domin in Inna ta zame ta faɗi a bayanta, kada jikinta ya tokare masu kawo ɗauki.

Sai alƙibla. Daga Zariya tana gabas ne da ɗan karkata arewa, don haka masai ya dubi kudu ko arewa. Malamai sun yi sassauci a cikin gini, amma na san gidajen da aka fasa tayil sabo fil saboda hankalin maigida bai kwanta ba. Magana ce ta minti ɗaya kafin a binne bututu.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sokawe. Masana lafiya suna son a bar kimanin mita 30 tsakaninsa da rijiya. Rabin fuloti, ƙafa 50 da 50, kusan mita 15 ne kowane gefe. Lissafin ba ya fita. Rijiyarka na iya zama jikin katangar da maƙwabcinka ya haƙa sokawensa, kuma ba mu manta da amai da gudawa na 2021 ba. Kafin a sa diga a ƙasa, a zauna da maƙwabta a yarda duk sokawe su koma gefe guda.

Ga namu laifin. A littattafanmu jaruma ba ta wanka sai a baho mai kumfa, banɗakinta ya fi ɗakin amarya girma. Matashi ya karanta, ya ga hoton Dubai a waya, ya kai wa fulamba ya ce irin wannan yake so. Bayan wata shida bahon ya zama ma'ajiyar jarkoki. A labarin da za ku turo makon gobe, ina so in ga wanda zai saka jarumarsa a banɗaki mai bokiti da kujerar tsuguno, ya kuma sa mu ji ta burge mu.