Dawakin Tofa da Dawakin Kudu

Waiwaye adon tafiya. Yau idan yarinyarmu ta ce likita take son zama, ko yaro ya ce shi injiniyan kwamfuta zai zama, sai mu ce Allah ya ba da sa'a, mu wuce. Mun manta lokacin da irin wannan magana ke sa manya su yi murmushin tausayi.

A shekarun 1970, asibitocin jihar Kano da ma'aikatar ayyuka sun dogara da baƙi. Kuɗin man fetur ya shigo, ana son gina hanyoyi da madatsun ruwa, amma 'yan ƙasa masu ilimin aikin ba su taka kara sun karya ba. Shi ya sa a 1977, zamanin gwamna Kanar Sani Bello, aka kafa hukuma ta musamman don makarantun sakandaren kimiyya, aka fara da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Sai yaro ya ci jarrabawar zaɓe yake shiga, ɗan manomi ne ko ɗan attajiri. Wasu sun yi suka, suna cewa ana fifita 'yan ƙalilan a kan sauran ɗalibai. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma masu shirin ba su ja da baya ba, kuma ina ganin sun kyauta.

 

Abin da muka fi mantawa shi ne malaman. Cikinsu har da mutanen Indiya da Pakistan da Ghana, suka zauna a ƙauyukanmu, suka sha zafin bazara da ƙurar hunturu tare da mu, suna koya wa yara riƙe kwalbar sinadari ba tare da hannu ya yi rawa ba. Sai kuma iyayen da suka yarda 'ya'yansu mata su tafi makarantar kimiyya ta kwana a Taura, lokacin da maƙwabta ke ta surutu. Allah ya saka musu da alheri.

Yaran wancan zamani ne suka cika asibitocinmu da jami'o'inmu, har da ta kimiyya da fasaha da aka buɗe a Wudil a 2001. Yawancinsu yanzu furfura ta cika musu kai, wasu ma sun yi ritaya.